Yadda ake yankan alfalfa da shanya ta ba tare da ganye ya zube ba

Alfalfa, wadda malaman gona ke kira da sunanta na Faransanci luzerne, ciyawa ce ƴar dangin wake. Sau ɗaya ake shuka ta, a yi ta yanka har shekara 3 ko 4 idan ta samu kulawa. Masu garka a duwatsun Ayar da kewayen Bilma sun daɗe suna noma ta. A jihar Damagaram ma, duk inda ake da ruwan rani, kamar lambunan Mirya da Gidimuni da kwarin Korama ta wajen Matamai da Magarya, tana yi, matuƙar ƙasar ba ta kwantar da ruwa kuma kanwa ba ta yi mata yawa ba.

Sai dai noma ta daban, fitar da harawa mai kyau daga cikinta daban. Abin da dabba ke nema a ganye yake: wajen kashi 70 cikin 100 na furotin ɗin shukar nan, wato sinadarin gina jiki, yana cikin ganyenta, kara kuwa yawancinsa cikon ciki ne. Ganyen ƙanana ne, uku-uku a kan wani siririn tsinke, kuma kullum yana riga kara bushewa. A ƙasashen da ake yawan ruwan sama, damuwar manomi ita ce harawa ta ƙi bushewa. A nan, daga Nuwamba zuwa Mayu, matsalar ta juya: ganye yakan bushe ƙayau cikin ƴan sa'o'i alhali kara na ɗanye, da an taɓa sai ya marmashe ya zube. Mutum ya ɗauki tsirarun karare ya kai gida, ya bar abincin a ƙasa iska ta kwashe. Saboda haka duk matakan da ke tafe abu biyu suke tsarewa, ganyen da za a kai gida da gindin da zai sake tohowa.

Sanin ranar yanka

Shiga fangali da safe ka kama kara 10 daga wurare daban-daban, kada ka tsaya ga na bakin hanyar ruwa kaɗai, don su sukan riga saura girma. Idan ɗaya cikin goman ya buɗe furensa mai launin shunayya, sauran kuma suna ɗauke da ƙullin fure da bai fashe ba, to lokaci ya yi. A wannan matakin furotin yakan kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100 na busasshen nauyi. Idan aka bari fure ya rufe fangali, dami zai ƙara nauyi, amma furotin ya sauka zuwa wajen 15 ko 16, kara ya yi tauri, ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube tun shukar na tsaye. Za ka ga rago yana tsince ganye yana ture kara da hanci.

Wanda zai ciyar da saniyar tatsa ko ƴan maruƙa yana iya yanka kwana 2 ko 3 kafin haka, tun furen na ƙulle, don a lokacin ta fi taushi. Amma kada a mai da wannan al'ada a kowane yanka. Bayan an yanke ta, alfalfa ba ta da ganyen da za ta sarrafa abinci da shi, da abin da ta ajiye a saiwa take fitar da sabon toho. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mako 2 zuwa 3 na farko ci take daga wannan ajiya, sai ta kai tsawon santimita 15 zuwa 20 sannan ta fara mayarwa, kuma ajiyar ba ta cika sai wajen lokacin fure. Wanda ke yanka da wuri a kai a kai, cikin shekara guda zai ga fangali ya yi gibi-gibi, ciyawar banza ta shiga ta mamaye. Don haka sau ɗaya a shekara, musamman bayan damina lokacin da shukar ke farfaɗowa, a bar ta ta yi fure sosai kafin a sa mata lauje.

Yankan farko bayan shuka shi ma haƙuri yake so. Yakan zo kwana 60 zuwa 70 bayan shuka, kuma ya fi kyau a jira kamar rabin karare su yi fure, domin saiwa ta nutse. Daga nan tazarar kan zama kwana 30 zuwa 35 a lokacin ɗari, ta ragu zuwa 21 ko 28 a bazara, lokacin da zafi ke sa ta fure tun tana gajera.

A Disamba da Janairu, rana gajera ce ga sanyi, fure yakan yi jinkiri ko ya ƙi fitowa. Kada ka zauna jiransa. Durƙusa ka buɗe karare ka dubi gindi: idan ka ga sababbin toho sun fito daga gindin sun kai tsawon santimita 2 zuwa 5, shukar da kanta ta shirya wa yanka. Idan ka ƙara mako guda, tohon zai yi tsawon da lauje zai same shi, ka yanke amfanin wata mai zuwa tare da na yau.

Shawara ga mai lambun da ya wuce murabba'in mita 200 kuma da hannu yake aiki: raba shi kashi 4, ka riƙa yankan kashi ɗaya kowane mako. Kafin ka zagayo na farko ya isa yanka (a lokacin ɗari sai an ƙara masa ƴan kwanaki), rumfar shanya ba za ta cika maƙil ba, kuma ba za a rasa ɗanya a gida ba.

Kafin a sa lauje

Tsayar da ban ruwa kwana 3 zuwa 5 kafin yanka. A ƙasa mai laka a kai mako guda, a jigawa cikin zafin Afrilu kwana 2 ko 3 sun isa. Dalili biyu ne: ƙasa mai danshi tana hana abin da aka shimfiɗa a kanta yin yaushi, kuma taka jiƙaƙƙen fangali yana danne ƙasa ya farfasa gindi, ruɓa ta shiga ta nan.

Bi fangali ka cire ciyayi masu kaurin jiki da masu ƙaya, don mai kauri ba ya bushewa tare da alfalfa, shi ne zai zama tushen fumfuna a cikin dami. Idan ka ga wata shuka mai kama da zare rawaya, marar ganye, tana nannaɗe karare, to babbar abokiyar gabar alfalfa ce, tsotse ta take yi. Yanke wurin har ƙasa, ka fitar da shi a buhu ka ƙone, kada ya shiga harawa, don irinta yana bi ta cikin dabba ya dawo lambu a cikin taki. Idan an yi feshin maganin ƙwari, a duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar, a cika su kafin yanka.

Lauje kuma a wasa shi sosai, a riƙe magagari a aljihu ana ƙara masa kaifi. Dakusasshen lauje fizga yake yi, yana tsattsage kara yana girgiza saiwa. A sabuwar shuka har tumɓuke ta yake yi.

Yankan kansa

A bar santimita 5 zuwa 7 daga ƙasa, wato yatsu uku zuwa huɗu a jere. A bazara a ɗaga zuwa 8 ko 10, kamar faɗin tafin hannu, domin guntun karan ya yi wa gindi ƴar inuwa. Kada a shafe ta ƙasa-ƙasa kamar yadda ake yi wa ciyawar daji, domin idanun da ke fitar da toho a kan gindin suke. Mai injin yankan ciyawa na ratayawa shi ya fi faɗawa wannan kuskure, kuma injin yana watsa ƙasa cikin abin da ya yanka.

Da rani, a yi yanka da hantsi. Da damina da farkon kaka a jira raɓa ta bushe tukuna. A tsananin zafin Afrilu da Mayu kuwa akwai dabarar da ta fi: a yanka bayan la'asar. A lokacin sukarin ganye ya fi yawa saboda ya wuni yana shan rana, kuma abin da aka yanka zai yi yaushi a hankali da yamma da dare, ya tsira daga ranar tsaka da ke soya ganye.

Kowane riƙo da ka yanka, kwantar da shi a bayanka a kan guntayen karan, kawuna gefe guda, gindi gefe guda. Kada ka jefa, kada ka tara tsibi. Ɗanyar alfalfa da aka tara tana ɗaukar zafi cikin sa'a biyu ko uku, sa hannu a tsakiya za ka ji ɗumi, ganyen ciki kuma ya fara baƙi.

Shanya

Nan ne ake samu, nan ne kuma ake asara. Ɗanyar alfalfa kashi 75 zuwa 80 cikin 100 ruwa ce, kuma ana so a sauke shi zuwa wajen 15. Hanyar da ta dace da iskar Damagaram ita ce a raba aikin biyu: yaushi a rana, bushewa a inuwa.

Kashi na farko gaggawa yake so. Shukar da aka yanka ba ta mutu nan take ba, tana ci gaba da numfashi tana ƙone sukarinta har sai ruwan jikinta ya sauka ƙasa da kashi 40. Saboda haka a baza ta siririya, kaurin shimfiɗa kada ya wuce santimita 10. A bazara sa'a 2 zuwa 4 sun isa, a lokacin ɗari rabin yini. A juya sau ɗaya tun tana da laushi, da hannu ko da sanda mai baki biyu, a ɗaga a kifar, ba a ja da manjagara a ƙasa ba. Alamar ta yi yaushin da ake so: ganye ya lanƙwashe ya yi laushi kamar tsumma, launinsa ya ɗan dushe, kara yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, kuma idan ka damƙi ganyen a hannu ba ka jin ƙarar komai. A nan ruwanta yana wajen kashi 50. Wannan ne lokaci na ƙarshe da za a iya ɗaga ta a kai wani wuri ba tare da asara ba. Da ruwan ya sauka ƙasa da kashi 30 zuwa 35, kowace taɓawa ganye take ci.

Kwashe ta a kan tamfol ko tsohon zane, mutum biyu su kama gefe-gefe, ko a shimfiɗa tamfol a cikin amalanke. A kai ta rumfa.

Rumfar shanya ba ta bukatar kuɗi mai yawa: rufin zana ko na kwano, gefuna a buɗe. A ciki a kafa gadon itace mai tsayin santimita 50 daga ƙasa, a shimfiɗa masa sanduna jere da ƴar tazara, ko ragar waya irin ta kejin kaji, domin iska ta shiga ta ƙasa. A ƙarƙashin gadon a shimfiɗa tamfol ko tabarma, duk ganyen da ya faɗo a nan zai tsaya. A baza alfalfa a kan gadon sakwa-sakwa, kauri santimita 15 zuwa 20, kada a danna. A lokacin hunturu a kafa zana ɗaya ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, don ta rage ƙura kuma kada ta kwashe ganye. Da rani kwana 2 zuwa 4 suke isa. Juyi sau ɗaya a rana, kuma da asuba kaɗai, lokacin da iska ta fi sanyi ganye ya ɗan saki. Da rana tsaka kada kowa ya taɓa ta.

Inuwar nan ba don kyan gani ba ce. Rana tana ƙone sinadarin da jikin dabba ke mayarwa bitamin A, wanda yake tafiya tare da koren launi. A ƙarshen rani, lokacin da daji ba shi da ko ɗanyen tsinke, wannan bitamin ne dabbobi suka fi rasawa, kuma rashinsa yana kawo dundumi da raunin haihuwa. Harawar da ta koɗe ta zama kalar karan hatsi tana iya riƙe furotin ɗinta idan ganye bai zube ba, amma amfanin bitamin ɗin ya tafi. Kuma a kasuwa ido ne ke fara ciniki: kore shar ake nema.

Mai ɗan fangali kaɗan yana iya ɗaura ta ƙananan ƙulli masu kaurin damtse bayan ta yi yaushi, ɗauri sassauƙa ta wajen gindi, ya rataya a igiya cikin rumfa kawuna ƙasa, da tazarar tafin hannu tsakaninsu. Idan ƙullin ya yi kauri ko ɗaurin ya tsananta, daidai wurin igiyar ne zai yi fumfuna.

Wanda kuma gonarsa ta fi ƙarfin rumfa, to bayan yaushi ya tattara ta dogayen kunya-kunya a fili, tsayi kamar zuwa gwiwa, sakwa-sakwa, ya yi ƙoƙari kawunan su shige ciki karare su fuskanci waje. Na saman zai koɗe, amma ya yi wa na ciki inuwa. Kada dai ta wuce kwana 2 a kan fangali, domin tana toshe wa sabon toho haske kuma tana jinkirta ban ruwa.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, hukuncinta daban. A yanka kaɗan-kaɗan, daidai abin da rumfa za ta ɗauka, washegarin ruwa idan gari ya washe. A rage kaurin shimfiɗa zuwa santimita 10, a juya sau biyu a rana, kuma a sa ran kwanakin za su ƙaru. Ruwan da ya daki wadda aka yanka yanzu ɓarnarsa kaɗan ce, wanda ya daki wadda ta kusa bushewa shi ne ke wanke sukari ya kakkaɓe ganye ya bar ta baƙa. Idan hadari ya taso a rufe da leda, amma da an ɗauke ruwa a yaye, don leda tana tara gumi ta dafa abin da ke ƙarƙashinta. A watan Agusta, gaskiya ya fi sauƙi a ciyar da ita bayan ta yi yaushi a bar yin harawa sai kaka. A wannan lokacin ne kuma ƙwaron nan mai cin furen hatsi, wanda ke tayar da bororo a fata idan an murje shi, yake sauka a kan furen alfalfa. Dafinsa ba ya mutuwa ko ya bushe a cikin harawa, kuma doki ya fi kowace dabba saurin cutuwa da shi. A kaɗa karare da sanda kafin yanka, a duba abin da aka yanka, kada a tattake.

Yadda ake gane ta bushe

Hanya mafi tabbaci ita ce sikeli. Ranar yanka ka auna kilo 10 na ɗanya, ka ware shi a gefe guda na gadon, yana shan irin iskar da sauran ke sha. Idan ya koma kilo 4 da rabi, yaushi ya yi. Idan ya koma wajen kilo 2.6, kuma ka sake aunawa washegari bai ragu ba, ta bushe. Wannan lissafin ne kuma zai gaya maka abin da za ka samu: kowane kilo 100 na ɗanya yana ba da wajen kilo 25 ko 26 na harawa.

In babu sikeli, a gwada kara, ba ganye ba, don ganye yana ruɗi. Zaro ƴan karare masu kauri daga tsakiyar shimfiɗa ka murɗa su da hannu biyu kamar mai matse wanki. Idan ka ga danshi ko suka murɗu kamar igiya ba su karye ba, da saura. Idan suka fara karyewa bayan murɗa biyu ko uku, daidai ne. Idan suka ɓalle tun a murɗar farko ganye ya zama gari, ta wuce. Sannan ka kankare bayan kara da farce: idan fatar ta saɓule, akwai ruwa a ciki. Akwai kuma gwajin gishiri: yayyanka kaɗan ka zuba a busasshiyar kwalba da cokali ɗaya na busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bari minti 15. Idan gishirin ya dunƙule ko ya manne a jikin kwalba, kada ka ɗaure tukuna.

Ɗauri da ajiya

Da asuba ake ɗauri. Idan iska ta bushe har ganye na marmashewa ko da asuban, a jiƙa buhunan algarara a matse su sosai, a rufa a kan harawar kamar sa'a ɗaya, ganyen zai saki. Kada a watsa mata ruwa kai tsaye.

Ana iya yin dami irin na harawar wake, amma matsewa a akwati ta fi adana ganye, kuma ba ta cin wuri. Kafinta zai haɗa akwatin katako mai tsawon santimita 85, faɗi 55, zurfi 45, ba murfi ba gindi. A ajiye shi a kan tamfol, a shimfiɗa igiya biyu ta tsawo, ta kaba ko ta rama, bakunansu na rataye a waje. A zuba harawa kaɗan-kaɗan ana takawa, musamman kusurwoyi, har ya cika. A ja igiyoyin a ɗaure tam, a zare akwatin ta sama. Kowane ƙunshi yakan kai kilo 15 zuwa 20 gwargwadon takawa. Ganyen da ya zube a tamfol a share shi a zuba a buhu, shi ne mafi daraja a cikin duk abin da aka girba. A ba ƴan raguna da zomaye, ko a daka a gauraya kashi 2 zuwa 5 cikin 100 a abincin kajin ƙwai, gwaiduwa za ta yi launi mai kyau.

Abin da ya fi kashi 20 na ruwa kada a matse shi. Ƙwayoyin fumfuna za su tashi aiki a ciki, zafi ya hau. Harawar takan koma ruwan ƙasa-ƙasa da wari kamar na taba. Dabbobi suna son ta a haka, abin da ke yaudarar mai ita ke nan, alhali zafin ya ɗaure furotin ɗin yadda ciki ba ya iya narkar da shi. Idan tarin babba ne zafin yana iya kaiwa ga gobara ba tare da kowa ya kawo wuta ba. Saboda haka a mako 3 na farko, kowane kwana biyu a soka rodin ƙarfe har tsakiyar tari, a bar shi minti 15, a zaro a taɓa. Ɗan ɗumi a kwanakin farko ba komai ba ne. Idan ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, wato ya haura digiri 55 zuwa 60, a warware tarin a baza. Idan har ana jin ƙauri ko ana ganin hayaƙi, a tanadi ruwa da mutane kafin a buɗe, domin shigar iska ce ke tayar da harshen wuta.

A jera ƙunshin a kan gadon itace ko katako santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, a bar rabin mita tsakaninsu da bango, da ƴar kafa tsakanin layi da layi. A barbaɗa toka a gindin ƙafafun gadon saboda gara, a riƙa leƙawa. Al'adar ɗora harawa a kan soro ko a cikin rassan bishiya tana tsare ta daga awaki, amma alfalfa ba ta jure wannan: cikin makonni kaɗan rana da iska za su cinye ganyen. In dole sai a soro, a rufe da zana sama da gefuna. A yi wa kowane yanka alama, a fara ciyar da tsohon.

Komawa ga fangali

Da an kwashe, a cire ciyawa tun ƙasa na fili, sannan a ba da ruwa. A nan akwai haɗarin da ke kashe alfalfa da yawa a bazara. Idan zafi ya haura digiri 38, kuma ruwa ya kwanta a kan gindin da ba shi da ganye, saiwa tana shaƙewa ta dahu, bayan kwana 3 ko 4 sai a ga shukar ta yi fari ta mutu. Damagaram kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40. A ba da ruwa da yamma ko da dare, daidai abin da ƙasa za ta shanye cikin ƴan sa'o'i, kuma in da hali a jira toho ya ɗan fito.

Kowane tan na harawa da aka fitar yana tafiya da wajen kilo 6 na fosfat da kilo 25 na fotash daga ƙasa, ga shi ƙasarmu dama fosfat ya yi mata ƙaranci. A mayar da ruɓaɓɓen takin dabbobi siriri bayan yanka, da takin fosfat irin su SSP sau ɗaya ko biyu a shekara. Yuriya ba ta da amfani a nan, domin ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar alfalfa suna samar mata da irin abincin da yuriya ke bayarwa daga iska, yuriyar ciyawar banza kawai za ta ciyar. Kada a saki dabbobi a kan guntayen karan.

Ciyarwa

Harawar alfalfa ƙari ce a kan karan hatsi da dawa, ba madadinsu ba. Ragon turka mai kilo 40, Balami ne ko Uda, gram 400 zuwa 600 a rana sun ishe shi, tare da yankakken kara da dusa. Saniyar tatsa kilo 2 zuwa 4 gwargwadon nononta. Dusar tana da muhimmanci, domin alfalfa tana da sinadarin kalsiyam da yawa amma fosfat kaɗan, dusa kuma akasin haka. A fara da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin kwana 7 zuwa 10. A zuba a kwami ko rabin tano, ba a ƙasa ba, don ganyen ya taru a gindi dabba ta lashe. Wadda ta yi fumfuna, mai tashin farar ƙura idan an girgiza, kada a ba doki ko dabba mai ciki.

Ɗanyar alfalfa kuwa, musamman ƙarama mai raɓa, tana kumbura cikin shanu da tumaki da awaki, domin tana tayar da kumfa a tumbi ta hana gyatsa. A bar ta ta yi yaushi na ƴan sa'o'i, kuma a fara ba dabba busasshen abinci kafin ita. Idan aka ga gefen hagu na ciki ya tashi kamar ganga dabba tana nishi, a ɗura mata man gyaɗa a hankali ta gefen baki kai a miƙe ba a ɗage ba, mililita 50 zuwa 100 ga tunkiya ko akuya, 250 zuwa 500 ga saniya, a tsayar da ita ƙafafun gaba a kan tudu, a aika a kira malamin dabbobi nan take.